Farin Ɗakin Barakatu

A Hillar Ladan, wani ƙauyen Hausawa da ke gefen kogi tsakanin Mai Wurno da Sinja, ba a shafa wa ɗaki fari. Hukuma ba ta hana ba, babu kuma littafin da ya hana, kowa dai haka ya taso ya tarar. Iyayensu sun baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su ƙara gaba. Daminar nan ce yau shekara arba'in da ɗoriya ba ta wuce ba. Jakunan da suka kawo su sun mutu, jikokin jakunan ma sun mutu, amma duk dattijon da ka tambaya zai ce maka su matafiya ne, zango kawai suka yada. Don haka ba a dasa itace, ba a gini da jan bulo, ba a ƙawata bango. Wanda ya yi wa ɗakinsa fari, a wurinsu, ya kwance niyyar hajjinsa ke nan, kuma ya shaida wa duniya.

Ɗakin Barakatu surukinta ne ya gina shi tun kafin a auro ta, zagayayye, na laka, da jinka a sama, babu ko taga. Hayaƙin shekara da shekaru ya mayar da bangon baƙi ƙirin, in ka jingina da shi sai ka tashi da kunkunniya a riga. A cikinsa tsohon ya yi tarin fuka wata tara ya cika. A cikinsa kuma, bayan shekara biyu, Hasana ta kama irin tarin nan, ta bi kakanta tana da shekara takwas. Tagwaye ne Allah ya ba Barakatu, daga su bai ƙara mata ba. Yanzu saura Huseina, ita ma wata huɗu ke nan tana kwance a asibitin Sinja ana yi mata allura.

Ranar Litinin ɗin da Barakatu ta je duba ta, hakim, wato ma'aikacin da ke kula da ɗakin masu tari, ya kira ta gefe. Ya ce yarinya ta samu sauƙi, ranar Alhamis ta makon gaba a zo a ɗauke ta. Barakatu ba ta gama hamdala ba ya shiga yi mata tambaya: wane irin ɗaki ne, mutum nawa suka yi tari a ciki, rana tana shiga ko ba ta shiga. Ta ba shi amsa. Sannan ya ce a ƙona tsofaffin tabarmi, a huda taga, a shafe bangon ciki gaba ɗaya da jir, farin nan da ake shafa wa asibiti da ofisoshin hukuma.

"Ya hajja," ya ce da ita da Larabci, "in wannan ɗakin za ki mayar da ita yadda yake, gara ki bar mana ita. Mun gaji da sallamar yara suna dawo mana."

Maganar nan ta biyo ta cikin lori har gida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle ita da ta riƙe kan Hasana a cinyarta har numfashi ya tsaya. Tsoro take ji, tsoro mai hana cin abinci.

Mijinta Sodangi ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai haƙuri da sallah a kan lokaci, yana noma rabin gonar wani Balarabe a mashru, gonakin ban-ruwan hukuma, in rani ya yi ya shiga aikin ƙodago. Amma yana da taurin kai irin na masu shiru, wanda ba a gane shi sai an yi karo da shi. Da ta kawo masa zancen bayan la'asar, tabarmi ya yarda a ƙona, taga ma ya ce a huda ƙarama. Da aka zo kan fari sai ya girgiza kai.

"Malam, hakim ya ce ciwon na cikin bango."

"Ciwo ga Allah shike, ba ga bango ba. Baba da bakinai ya hana a shafa ma wanga ɗaki fari. Mu kan hanya muke, Uwar Biyu."

"Wace hanya, Malam? Hasana na nan bayan gari kwance. Ita ma kan hanya take?"

Ya ɗauki butarsa ya fita, alhali da sauran lokaci kafin magariba. Ta sake gwadawa sau biyu a makon nan, sau ɗaya da kuka, sau ɗaya da lallashi, duk amsa ɗaya ce. Ya ce in ya yi fari, da wane ido zai dubi dattawan masallaci, mutanen da suka binne ubansa suka kuma ji wasiyyarsa. Ya ce zai karɓo rubutu a wanke a yayyafa wa bangon. Barakatu ta ce to, ta rufe bakinta, amma a ranta ta riga ta gama shawara.

Da Litinin ta zagayo ta sake zuwa asibiti, daga nan ta bi ta kasuwar Sinja, layin masu kayan gini. Ta sayar da ƙwan kajinta da man gyaɗa kwalba biyu, ta tsaya gaban wani mai shago ta ce jir take so. Ya tambaye ta wa zai yi aikin. Kunya ta hana ta cewa ita ce, don ina aka taɓa ganin matar aure ta ƙetare mijinta ta zo sayen kayan magina, sai ta ce maigidanta ne ya aiko ta. Shi kuwa ya ɗauka magini ne mijin, bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya auna mata a buhu. Da ta leƙa ta ga dunƙule-dunƙule ne farare, marasa nauyi, sai hankalinta ya kwanta, don ta ga abin da ta sani.

Ita 'yar Mai Wurno ce, can kuwa mutane sun daɗe da yarda cewa sun zauna. Tun tana yarinya, duk jajiberin sallah, ita ke taya mahaifiyarta shafe ɗaki da farar ƙasa da ake haƙowa a gaɓar kogi. A zuba dunƙulen a ƙwarya, a ɗan sa ruwa, a murje da hannu har ya yi kamar kunu, a tsoma tsumma a bi bango. Aiki ne na mata, mai sanyi a hannu, ana yi ana hira. A ganinta jir farar ƙasar hukuma ce kawai, ta fi tasu haske da ƙarfi. Babu wanda za ta tambaya, don tambaya ɗaya a Hillar Ladan kafin azahar ta isa masallaci. Ta ɓoye buhun a ƙarƙashin rumbu ta rufe da kara.

Ranar Laraba da sassafe Sodangi ya hau lori, zai kwana wurin wani ɗan'uwansa a Sinja ya taho da yarinya Alhamis da la'asar. Lokacin cirar auduga ne, gari duk ya watse gona, mata da maza har da tsofaffin da ke iya sunkuyo. Maƙwabciyarta Yalwa ta leƙo ta katanga ta ce su tafi, Barakatu ta ce kanta ke ciwo. Kafin hantsi babu motsin kowa a unguwar sai awaki.

Ta fitar da komai tsakar gida, gadon igiya, adudu, tukwane, akwatin ƙarfen Sodangi da ya ajiye kayan tafiyar ubansa a ciki. Ta ƙona tabarmi. Ta ɗauki ƙaramar fartanya ta huda bango ta gabas, rami kamar faɗin faifai, rana ta shigo ɗakin a karo na farko tun da aka gina shi. Ashe duhu rufin asiri yake yi musu. Wajen da gadon tsohon yake a da, da wajen da Hasana take juya fuska in tari ya taso mata, bangon duk tabo ne. Ta ɗaure tsintsiya a sanda ta kakkaɓe kunkunniya har ta koma baƙa ita kanta, tana yi tana tsine wa ɗakin a ranta.

Sannan ta jawo garwa cikin ɗaki don kada wani mai wucewa ya hango. Ta juye rabin buhun a ciki, ta zuba ruwa moɗa uku, daidai yadda uwarta take yi, kaɗan tukuna don a ji daɗin murzawa. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai bisa garwar, ta zura hannu biyu.

Da farko ɗumi ta ji, har ta yi mamaki. Sai dunƙulen ya fara huci a tafin hannunta, yana tsagewa, yana kumbura. Kafin ta gane abin da ke faruwa garwar ta ɗauki tafasa babu wuta a ƙarƙashinta, tururi ya turnuƙe, abin ya yi bindiga ya watso mata a fuska. Ta faɗi da baya. Raɗaɗin da ta ji a ido ba ta taɓa jin irinsa ba, ko ranar haihuwar tagwaye. Ta buɗe baki za ta yi kururuwa, sai ta cusa gefen zanenta a ciki ta cije, don ko a wannan halin abin da ya fara zo mata shi ne kada a ji, kada a zo a hana ta.

Rashin sani ya fi dare duhu. Da ta san abin da take hannu da shi, da kogi ta nufa ta tsoma kanta har sai ruwa ya cinye shi. Ita kuwa murza idon ta yi da zane, ta rarrafa zuwa tulu, ta ɗebi moɗa ɗaya ta wanke fuska, ta tsaya a nan, don ruwan da ta ɗebo jiya ta lissafa shi ne na aiki, in ya ƙare ba ta da mai kai ta kogi. Ta lalubo man riɗi ta shafa. Ta zauna a bakin ƙofa, hawaye na zuba ba tsayawa. Idon hagu ya rufe ruf. Na dama yana buɗewa kaɗan, tana gani da shi dishi-dishi.

Da rana ta take tsaka garwar ta yi shiru. Barakatu ta daɗe tana sauraronta daga nesa. Ta yi tunanin ta bari, ta yi tunanin ta kira mutane daga gona. Amma in ta bari, gobe da la'asar Huseina za ta kwanta a gaban tabon nan, kuma Sodangi ba zai sake barin ta ita kaɗai da buhu ba. Yini ɗaya ne Allah ya ba ta, rabinsa ya tafi. Ta miƙe, ta ƙara ruwa daga nesa da doguwar sanda a hannu, ta dama har ya yi ruwa-ruwa, ta yagi tsohon zane ta tsoma. Da hannu ta riƙe tsumman, don ba ta san wata hanyar ba.

Ta fara daga bakin ƙofa ta bi dama. Sama tukuna, tana taka turmi, sannan tsakiya, sannan ƙasa a durƙushe. Ruwan yana gangarowa ta gwiwar hannunta har hammata. Tafin hannun da ya riga ya ƙone ya fara salewa, tsakanin yatsu ya tsattsage, duk tsomawa ɗaya sai ta ja numfashi ta haƙora. Ba ta yi waƙa ba, ba ta yi addu'a mai tsawo ba, sunan yarinyar kawai take maimaitawa.

Da ta zagayo inda ta fara, ta ja da baya ta ɗaga fatar idon dama da yatsa ta duba. Bangon bai yi fari ba. Toka-toka ne, jiƙaƙƙe, baƙin yana leƙowa ta ƙarƙashi. Farar ƙasa tun tana hannu fara ce, ana shafawa ana ganin aiki. Ita ba ta san shi jir sai ya bushe yake nuna kansa ba. Ta ɗauka ƙazantar ɗakin ce ta fi ƙarfinsa, ko kuma ita ce ta tsinka shi da yawa. Sai ta jawo garwar waje, ta juye sauran buhun, ta watsa ruwa ta gudu bayan rumbu har ya gama haukansa, ta dawo ta sake bin bangon karo na biyu da mai kauri, tun yana da zafi. Da ta gama ta sake dubawa, yanzu ma toka-toka, kuma ba ta iya rabe bangon da hazon da ke idonta. Ta kankare gindin garwar ta yi na uku a wajen gadon Hasana, da lalube.

A nan Yalwa ta same ta da ta dawo daga gona gab da magariba, zaune a ƙasa, ta jingina da turmi, tsumman yana manne a hannunta. Yalwa ta yi salati ta ajiye kayanta. Ba ta tambayi komai ba, warin da ke ɗakin da garwar sun ba ta labari. Ta kwaso ruwan gidanta duka ta dinga kwarara mata a ido, ta je ta roƙo nonon wata mai jego ta ɗiga, ta jiƙa tsumman ta ɓanɓare shi a hankali, fata na biyo shi. Ta naɗe hannuwan da tsabtataccen ƙyalle, ta ɗaure idon.

"Yalwa, duba min. Ya yi fari?"

Yalwa ta duba. Rana ta faɗi, bangon da sauran danshi. Ta ce da safe za a fi gani.

Washegari da hantsi Yalwa ta shiga ɗakin ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ta ce ya yi fari, fari tas, har yana kashe ido. Barakatu ta san Yalwa, mace ce da za ta ce wa mai mutuwa ya ji sauƙi. Ta sa aka kwance mata ƙyallen, aka kai ta bakin ƙofa, ta yi iya ƙoƙarinta ta buɗe na dama. Haske ta gani, irin wanda ake gani in an rufe ido an fuskanci rana, babu bango a cikinsa, babu taga. Ta ce a mayar da ƙyallen.

Labari kuwa ya riga ya gama gari. Mata suka dinga shigowa sannu, kowace sai ta faki ido ta leƙa ɗakin kafin ta fita. Dattawa ba su zo ba, sun aiko a ce Allah ya sawwaƙe. Yalwa ta mayar da gado ciki, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma daga gidanta, ta zaunar da Barakatu a bakin gadon.

Bayan la'asar aka ji kukan lori a bakin hanya. Barakatu ta ji takun mutum biyu a tsakar gida, ɗaya mai nauyi, ɗaya mara nauyi. Mai nauyin ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ta san tun daga bakin hanya an tare shi da labarin farin, ta kuma san ya shigo da maganganu a bakinsa. Ta jira su. Ba su zo ba. Mara nauyin ne ya shigo da gudu.

"Inna, ɗakinmu ya koma kamar isbitaliyar da na kwanta. Inna, mi ya samu idonki?"

Sai a lokacin ta yarda ya yi fari. Ta ce wa yarinyar ba komai, ɗan ciwo ne, ta matso. Ta miƙa hannuwa ta rungume ta. Wata huɗu take jiran ranar da za ta shafa ta a gida, ta ji da hannunta ko kumatun nan sun ciko, ko haƙarƙarin ya rufe. Ta shafa fuskar, ta shafa kafaɗa, ta shafa ƙirji, amma ta cikin ƙyalle da kumburi ba ta ji komai ba, kamar itace take shafawa.

Sodangi ya shigo ya durƙusa a gabanta. Ya ɗaga gefen ƙyallen idon, ya duba, ya mayar da sauri. Ta ji numfashinsa ya canja. Ya tambayi Yalwa a cikin me aka kwaɓa, da ruwa nawa, Yalwa ta nuna masa garwar.

"Da hannu?" ya ce. "Rami aka gina mai, Uwar Biyu. A cika shi da ruwa, a zuba, a ja da baya, a bar shi kwana ukku. Da burushi aka shafa shi."

"Kai ina ka sani, Malam?"

Ya ce, ƙasa-ƙasa, rani huɗu ke nan shi ke shafe ofishin mufattish, babban mai duba gonakin mashru, da gidansa, ciki da waje. Bai taɓa faɗa a gari ba, don kada a ce ɗan mai wasiyya ya koma mai farin bango.

Fushi ya taso wa Barakatu, irin wanda ba ta taɓa yi da shi ba a shekara goma sha biyar, amma ba ta da ƙarfin fitar da shi, kuma yarinya na jikinta. Sodangi ya ce gobe da asuba zai nemi lori ya kai ta Sinja. Ya ce wataƙila na dama ya tsira. Ta ji ya tashi, ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ta san bangon yake kallo, sannan ya fita tsakar gida. Daga can ta jiyo wani sauti da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba ko ranar Hasana, yana ƙoƙarin danne shi da hannun riga.

Huseina ta gaji da jijjigar lori, ta kwanta a sabuwar tabarma ta ɗora kai a cinyar uwarta, tana ba ta labarin wata 'yar garin Suki da suka yi ƙawance a asibiti. Barakatu ba labarin take saurara ba. Ta karkatar da kai tana bin numfashin da ke tsakanin kalma da kalma, yadda yake shiga, yadda yake fita, ko akwai ƙara a ƙasansa. Iska ta shigo ta sabuwar tagar ta motsa warin jir. Yarinyar ta tsaya a tsakiyar magana, ta yi tari sau biyu cikin tafin hannunta, ta ci gaba.

"Yalwa," in ji Barakatu, "duba min tafin hannunta. Akwai jini?"